Tashar Mosfilm a YouTube da Finafinan Innokenty Smoktunovsky: Sharhin Mai Kallo

Kamfanin shirya finafinai na Mosfilm da ke birnin Mosko yana da tasha a YouTube inda yake ɗora tsofaffin finafinansa na zamanin Tarayyar Sobiyet, cikakku kuma kyauta, da yawansu ɗauke da fassarar Turanci a ƙasan hoto. Na yi amfani da tashar ne da manufa guda, wato bin sawun ɗan wasa Innokenty Smoktunovsky, wanda Rashawa suke lissafawa cikin manyan 'yan wasansu na ƙarni na 20. A ganina tashar ta cancanci datar da mutum zai kashe mata, sai dai rabin mutumin take nunawa, domin haka yana da kyau mai kallo ya san ɗaya rabin kafin ya zauna.

Ta fuskar aiki, abin da ya fi burge ni shi ne tsabtar hoto, domin an gyara finafinan da aka ɗauka fiye da shekara 50 da suka wuce har fuskar ɗan wasa tana fitowa tar. Wannan yana da muhimmanci ga Smoktunovsky fiye da wasu, saboda yawancin wasansa a ido da gefen baki yake. Ko da na rage ingancin hoto don tattalin data, finafinan baƙi da fari ba su lalace ba. Fassarar kuwa sai an kunna ta da hannu, kuma neman fim yana sauƙaƙa idan aka kwafo sunansa da haruffan Rasha. Wanda ya saba da finafinan Indiya masu fassarar Hausa ya sani cewa a nan karatu zai yi, kuma labarin ba ya sauri.

An haifi Smoktunovsky ranar 28 ga Maris 1925 a ƙauyen Tatyanovka da ke yankin Tomsk na Saiberiya, ya tashi a Krasnoyarsk cikin talauci. A 1943 aka ɗauke shi soja, ya yi yaƙi da dakarun Jamus, aka kama shi a ƙarshen wannan shekara kusa da Zhitomir, ya tsere, ya shiga cikin mayaƙan sunƙuru, daga baya ya koma runduna har ƙarshen yaƙin. A wancan zamani hukuma tana yi wa duk wanda ya taɓa zama fursunan yaƙi kallon tuhuma, kuma shekarunsa na farko a sana'a ya yi su ne a gidan wasan kwaikwayo na Norilsk, garin sanyi da sansanonin fursunoni a can arewa mai nisa, kafin ya wuce Makhachkala da Stalingrad. Sai da ya haura shekara 30 sunansa ya fito, lokacin da darakta Georgy Tovstonogov ya ba shi matsayin Yarima Myshkin a wasan da aka ciro daga littafin marubucin Rasha Dostoevsky, a babban gidan wasa na Leningrad a ƙarshen 1957. Na kawo wannan tarihi ne saboda yana sauya yadda ake kallonsa. Ɗari-ɗarin da ke jikinsa a fim, da yadda yakan ɗan dakata kafin ya furta kalma kamar mai auna ko faɗinta zai jawo masa fitina, ni dai ban ɗauke su ado kawai ba.

Fim na farko da na ba wa lokaci shi ne "Devyat dney odnogo goda", wato kwana tara cikin shekara guda, wanda Mikhail Romm ya ba da umarni a 1962. Labarin masana kimiyyar nukiliya ne guda biyu da mace ɗaya a tsakaninsu. Alexei Batalov shi ne Gusev, wanda gubar nukiliya ta kama amma ya ƙi barin bincikensa, Smoktunovsky kuma shi ne Kulikov, ɗan gayu mai kaifin baki wanda yake shakkar amfanin ci gaban ɗan Adam. A tsarin labarin Gusev ne jarumi, amma duk sanda Kulikov ya buɗe baki sai hankali ya koma kansa, domin yana faɗin magana mai ɗaci da murya mai laushi, har mutum ya rasa ko zolaya yake yi ko kuka.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne "Beregis avtomobilya", wato hattara da mota, na Eldar Ryazanov a 1966. A nan shi ne Yuri Detochkin, wakilin inshora mai kunya da sanyin hali, wanda yake satar motocin masu cin hanci da 'yan cuwa-cuwa, ya sayar, ya aika kuɗin gidajen marayu bayan ya cire na hanya kawai, yana kuma adana rasit ɗin kowace aika. Mai bincikensa, wanda Oleg Yefremov ya fito a matsayinsa, abokinsa ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta masu sha'awa, bai kuwa san cewa ɓarawon da yake nema yana gefensa ba. Akwai wurin da mai wata mota, wanda Andrei Mironov ya fito a matsayinsa, ya ɗana tarko a ƙarƙashin sitiyari ya kama ƙafar Detochkin, shi kuma daga baya ya zo da motar ɗaga kaya ya ɗage garejin ɗungurungum. Abin da ya sa fim ɗin ya wuce barkwanci shi ne Smoktunovsky bai taɓa neman dariyar mai kallo ba. Yana wasa ne da cikakkiyar gaskiyar mutumin da ya yi imani cewa abin da yake yi daidai ne, sai dariyar ta zo tare da tausayi.

A nan ne iyakar tashar ta fara bayyana. Wasan da ƙungiyar su Detochkin take shiryawa a cikin fim ɗin shi ne "Hamlet" na marubucin Ingila Shakespeare, kuma Detochkin ne Hamlet ɗin. Masu kallo na 1966 sun gane zolayar nan take, domin shekara 2 kafin nan Smoktunovsky ya fito a matsayin Hamlet na gaske a fim ɗin Grigori Kozintsev, da fassarar Boris Pasternak da kiɗan Dmitri Shostakovich, aikin da ya kawo masa lambar yabo ta Lenin a 1965. Wannan fim na kamfanin Lenfilm ne na Leningrad, ba na Mosfilm ba, saboda haka sai an neme shi a wani wuri. Shawarata ita ce a fara da shi, in ba haka ba rabin daɗin barkwancin zai wuce mutum bai sani ba.

Iyaka ta biyu ba laifin kowa ba ce. Fassarar rubutu tana kawo ma'ana, amma idon da ke karatu yana rasa fuska, kunne kuma ba ya natsuwa ga murya. Na fi jin wannan a "Zerkalo" na Andrei Tarkovsky na 1975, inda ba a ganin fuskarsa, sai dai a ji muryarsa a matsayin mai ba da labari, da kuma "Dyadya Vanya" na Andrei Konchalovsky na 1970, wanda aka ciro daga wasan marubucin Rasha Chekhov, inda gajiya da takaicin Vanya, matsayin da ya fito a ciki, suke cikin numfashi fiye da kalmomi. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce maimaita muhimman wurare bayan na kashe fassarar.

Babban giɓin shi ne wasanninsa na kan dandamali a gaban 'yan kallo. Myshkin ɗin da ya sa mutane suka riƙa zuwa Leningrad daga wasu garuruwa, da Sarki Fyodor da ya yi a gidan wasa na Maly a 1973, da shekarun da ya kwashe a gidan wasa na MKhAT a Mosko daga 1976 har rasuwarsa ranar 3 ga Agusta 1994, duk ba aikin kamfanin fim ba ne, kuma tashar ba ta yi alkawarinsu ba. Mai neman sanin dalilin da ya sa 'yan wasan Rasha suke ambatonsa da girmamawa zai samu alamu ne a nan, cikakkiyar hujjar kuma ta tafi da waɗanda suka zauna a zauren.

Ga mai ƙarancin lokaci, akwai 'yar fitowar da ya yi a "Moskva slezam ne verit" na Vladimir Menshov, fim ɗin da ya ci Oscar a 1981, wanda shi ma na Mosfilm ne. Ya fito ne da sunansa na gaskiya a wani wuri da aka tsara a 1958, yana tsaye a ƙofar bikin finafinai ba wanda ya san shi, har wata budurwa ta gaya masa cewa ya makara da shiga sana'ar.