Firizar adashi: shekara biyu muna tare

Ranar da mai a-kori-kura ya sauke ta a ƙofar gida, Hajiya surukata tana zaune kan tabarma tana tsintar wake. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, wannan uban akwati lefen wa za a zuba a ciki?" Na ce, "Firiza ce, Hajiya, ta ajiye kayan miya." Ta ce, "To firinjin da ke falo fa, mutuwa ya yi?"

Bai mutu ba, har gobe yana aiki. Wannan ƙari ce, kuma da kuɗin adashin da na yi wata goma ina zubi na sayo ta, a watan Janairun 2024. Mu takwas ne a gidan, a nan Kano: ni da maigida, yara huɗu, Hajiya, da ƙanen maigida da ke karatu. Albashi biyu ne ke riƙe da mu, kuma ba wanda yake kai ƙarshen wata da ƙafarsa. Don haka tambayar Hajiya ta tsaya mini a rai, na samu tsohon littafin rajista na fara rubuta abin da ya shiga firizar da abin da ya fita. Daga littafin nan nake wannan bayani.

Irin ta kwance ce, mai murfi a sama, lita 200, da ɗan kwandon waya guda a ciki da makulli. Na zaɓi ta kwance a kan ta tsaye saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. In ka buɗe ƙofar ta tsaye sanyin zubowa yake yi, har ka ji shi a ƙafa, ta kwance kuwa yana nan zaune a ciki kamar ruwa a randa. Ga mai wutar da ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai shagon a Sabon Gari ya ja mini kunne kan abu biyu: kada a jona ta sai ta huta wasu awanni, man injin ya koma mazauninsa bayan jijjigar hanya, kuma kada a jona ta babu sitabilaiza. Na biyun nan shi ne kuɗin farko da ban sa a lissafi ba. Sai maigida ya cika.

Inda ta fi yi mini rana shi ne tumatir, kuma dama dominsa na saye ta. Duk wanda ke cefane a Kano ya san yadda abin yake. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yana cika kasuwa, a Kwanar Gafan har rasa mai saye ake yi wani lokaci. Da damina ta kawo kai, wajen Mayu zuwa Yuli, sai ya zama gwal, balle shekarar da tsutsar nan ta Tuta absoluta ta faɗa wa gonaki. Ƙwaya huɗu a faranti, mai kayan miya yana faɗa maka kuɗin yana kau da kai.

A shekarar farko na yi wauta. Na sayi kwando biyu a 'Yankaba, na haɗa da tattasai da attaruhu, aka markaɗo, na ɗura a robobin fenti ɗanye da ruwansa na jera. Robobi shida suka cinye rabin firizar. Kuma duk ranar da zan yi miya sai na fito da roba guda ta narke, in ɗebi kaɗan, in mayar da sauran. Kafin roba ta ƙare ta fara tsami. Ashe kuɗin wuta nake biya ina daskarar da ruwa. A shekara ta biyu na canza. Na dafa markaɗen a babbar tukunya a kan gawayi har ya tsotse ya yi kauri, ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku. Na bari ya huce sarai, sannan na ƙulla a ƙananan ledoji, kowace ƙulli miyar yini ɗaya, na danne su suka yi faɗi kamar waina na jera. Ƙulli mai faɗi ya fi saurin daskarewa, ya fi saurin narkewa, kuma ba ya cin wuri. Albasa ba na sawa, sai ranar girki, don tana canza ɗanɗanon in ta daɗe. Da wannan muka ratsa damina har cikin Agusta ban sayi tumatir ba sai na salak. Ko na cire kuɗin gawayi da leda da markaɗe, ribar a fili take. Ga kuma wadda ba ta shiga littafi: in na dawo daga aiki ƙarfe uku, miya tana kan wuta kafin in idar da la'asar.

Nama kuwa, nan ne lissafina ya watse, kuma shi ne abin da ba wanda ya gaya mini.

Kafin firiza, sau biyu muke sayen nama a mako, rabin kilo rabin kilo, sauran kwanaki wake ne, ko busasshen kifi, ko miyar kuka da daddawa. Da ta zo, maigida ya shiga watanda da abokan aikinsa, aka yanka sa aka raba. Kason da muka samu ya fi na mahauci arha, ba tantama. Na lissafa zai kai mu wata uku. Mako biyar ya yi. Ba wanda ya sata, ba wanda ya yi almubazzaranci da gangan. Kawai dai nama yana nan, kowa ya san yana nan. Baƙo ya zo, a ɗebo. Yaro ya ce ba ya son miyar haka, a ɗebo. Ni kaina in na sa hannu sai in ga tsoka biyar ta yi kaɗan, in ƙara uku. Kilo ya yi arha, amma kuɗin nama na wata ya kusa ninkawa. Da na nuna wa maigida shafin, dariya ya yi ya ce, "Ai kin ga mun yi ƙiba." Ni ban yi dariya ba, adashina ne.

Maganin da na samu shi ne rabawa tun ranar yanka. Kowace leda girki ɗaya, da kwanan wata a jiki, kuma adadin ledojin yana rubuce a takarda manne da murfin. Wanda ya ɗauka ya soke ɗaya. Makullin yana ɗaure a bakin zanina. Abin ya yi kama da rowa, na sani, Hajiya ma ta faɗa. Amma watanda ta biyu ta kai mako goma sha ɗaya.

Batun wuta. Mitarmu ta kati ce, don haka na gwada da kaina: kwana uku ina duba mita safe da yamma da firiza a kunne, na kwana uku kafin a kawo firizar dama na riga na rubuta. Bambancin yana kusa da yunit ɗaya a yini, yana ɗan haurawa a zafin Afrilu, yana sauka da hunturu. Mu layinmu ba na rukunin Band A ba ne, wato masu samun wuta mafi yawa, don haka ƙarin da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta yi a Afrilun 2024, wanda ya kai yunit naira 225 kafin a ɗan rage, bai taɓa mu ba. A farashin 2024, wanda ke kan wancan layi firiza kaɗai tana iya ci masa sama da naira dubu shida a wata. Sai dai shi an yi masa alkawarin awa 20 a yini, mu kuwa in mun samu 12 mun gode Allah. Sha biyun nan tana isa, muddin firizar a cike take kuma ba a yawan buɗe ta. Janareta dai ban taɓa tayarwa dominta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wanda zai ƙona lita don ya tsare markaɗe gara ya zubar da markaɗen.

Sai Oktoban 2024. Babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi, sai wanda ke biyowa ta Benuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta shiga duhu fiye da mako guda. Lokacin akwai ragowar naman layya a ciki, da kaji huɗu, da kifi. Firiza cikakkiya, in ba a buɗe ba, tana riƙe ƙanƙara wajen kwana biyu. In rabi ce, kwana ɗaya. Tamu rabi ce. Kwana na farko na hana kowa taɓa murfin, na lulluɓe ta da bargo. Kwana na biyu na ce ai yau za a kawo. Da safiyar na uku na buɗe, jini ya kwanta a ƙasa, kifin ya tashi daga aiki.

Hajiya ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta ce wa ƙanen maigida, "Kai, hura mini gawayi." Ta zauna ta shinshina kowace leda, wadda ta fara ta ware gefe, wadda ke da sauran sanyi ta wanke ta tafasa da gishiri da citta da kanumfari, ta soya har ta bushe ƙarau, ta zuba a tukunya man ya rufe ta. Kajin aka yi dambu. Muka aika wa maƙwabta abin da ba za mu iya cinyewa ba. Kifin da kaza ɗaya da ragowar markaɗe suka tafi bola. A kwanakin nan da kaudar Hajiya muka yi miya, tumatirin da ta yanka ta shanya a kan rufi tun Fabrairu, wanda na riƙa yi wa kallon aikin wahala. Miyar kauda ba ta kai ta ɗanye ja ba, kuma sai an wanke ta sosai saboda ƙura. Amma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Tun daga nan ba na barin wuri fanko. Duk inda ya rage, robobin ruwa nake jerawa, ba na cika su har baki don ruwa kumbura yake in ya daskare. Su ne batirina. Naman layya kuma yanzu kashi ɗaya kawai ke shiga firiza, sauran bayan an raba na rabawa Hajiya ke soyewa yadda aka saba.

Na gwada sayar da ƙanƙara da azumi, kamar kowa. Ana samun kuɗi, har ya biya katin wutar watan. Amma kullum ka zuba leda talatin na ruwan ɗumi a kan nama, ga yara suna sallama daga azahar har magariba ana buɗe murfi, sai na ga naman sama ya fara laushi. Wata maƙwabciya kuma ta ce ƙanƙarar tana ƙarnin kifi, kuma gaskiyarta. Mai son wannan sana'a ya ware mata firizarta daban. Na daina a azumi na biyu, sai dai zoɓo da kunun aya na gida.

Akwai kuma harajin da ba ya cikin takardar saye, wato ajiyar maƙwabta. "Maman yara, don Allah ɗan kifin nan zuwa gobe." Goben tana zama mako biyu. Ba na iya hanawa, mutanen da muke suna da biki tare ne, amma na ware musu kwandon wayar na sama, in ya cika ya cika.

Ita kanta na'urar, ba ta taɓa lalacewa ba, kuma ƙararta ba ta hana barci. Aibinta na irinta ne. Zurfi gare ta, abin da ya faɗa ƙasa ya shiga rijiya. Na taɓa tono ledar ganda da ta shekara. Yanzu jakunkunan buhu nake amfani da su, ta nama daban, ta miya daban, in ɗaga jaka guda maimakon in yi ta haƙa da yatsu suna ƙanƙarewa. Ƙanƙara tana taruwa a bango, sai an kashe an narkar kamar sau uku a shekara, kuma kada a kuskura a sa wuƙa. Wani mai gyara ya gaya mini yawancin waɗanda ake kawo masa wuƙa ce ta huda bututun gas ɗinsu. Makullin ma ba don nama kaɗai ba ne: akwati ne mai zurfi da murfi mai nauyi, a gidan da yara ke wasan ɓuya. Abin da ya karɓe ta: fura, markaɗen wake na ƙosai da alala, zogale da alayyahu in an ɗan gigita su a ruwan zafi, mangwaro yankakke. Abin da ya ƙi: kabeji, latas, kokwamba da ɗanyen dankali, duk lagwab suke komawa. Nono kuma tsinkewa yake yi.

A lissafin littafina, in na haɗa kuɗin saye da sitabilaiza da wuta da asarar Oktoba, na cire abin da tumatir da watanda suka rage mana, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ta fanshi kanta. Da ban gyara yadda muke cin nama ba, da har yanzu ita ke bin mu bashi.

Watan jiya ƙanwata ta kira ni, ta ɗauki adashi tana son irin tawa. Su uku ne a gida, unguwarsu sabuwa ce, wuta sai tsakar dare take leƙowa awa uku ko huɗu, kuma cefanen yini suke yi saboda kuɗin maigidanta kullum-kullum yake shigowa. Na tambaye ta, bayan ta biya kuɗin firiza, da me za ta sayi kwando biyu a Fabrairu, da me za ta shiga watanda. Ta yi shiru. Na ce ta sayi buhun shinkafa da jarkar mai, in tumatir ya faɗi ta kawo nata a dafa tare da nawa, zan ba ta jaka guda a gefen hagu. Ta ce, "Yaya, ke dai ba kya son in yi kaya." Ta zo ranar Asabar da ledar kaji biyu, suna nan a kwandon sama.