Ra'ayina kan ɗan kwangilar da ya gina mana gida a Garwa

Ɗan kwangilar da na ba aikin gidanmu a Garwa ya iya haƙa harsashi da jera bulo, wannan kam ba zan tauye masa haƙƙinsa ba. Wajen filasta ne muka saɓa, domin mun rubuta adadin buhunan simintin Figil a takardar yarjejeniya, amma ya cika yashin Binuwai a kwaɓin, har bangon gabas ya tsattsage tun kafin ruwan Agusta. Da na riƙe cikon kuɗinsa, sai ya kai ni ƙara wurin mai unguwa, wanda ya duba takardar ya umarce shi ya sake aikin daga aljihunsa. Ya gyara bangon da kyau, sai dai kwanon falo har yanzu yana yoyo.