Wata uku da darasin lissafin yamma a Aboabo

Ni tela ne, lissafina bai wuce awon wuya da tsawon hannu ba. Da 'yata ta fara dawowa da takardar aljabra duk jan biro, sai na kai ta wurin wani malami da ke koyar da yara bayan la'asar a nan Aboabo, Kumasi, sau uku a mako. Lissafi dole ne a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, wanda bai kai matakin sakamako na C6 ba kuwa jami'a sai dai ya ji labari.

Abin da ya sa na yarda da shi, a shagona na gan shi. Wata rana ta ce, "Baba, ara mini almakashi." Ta yanko kwali mai kusurwa huɗu daidai, ta ce wannan shi ne x². Ta yanko dogaye biyu masu faɗin 5, ta jera ɗaya a gefe ɗaya a ƙasa, sai ga gurbi a kusurwa, 5 sau 5. Tambayar ita ce x² + 10x = 39. Ta cike gurbin da ƙyallen atamfa, ta ce 39 da 25 sun zama 64, gefensa 8 ke nan, a cire 5 saura 3. Ni da ke haɗa ƙyalle shekara da shekaru, nan take na gane. Wai misalin na Alkhawarizmi ne, malamin Bagadaza na wajen shekara ta 820, wanda daga aikinsa kalmar aljabra ta fito.

To amma kwali ba ya nuna lambar da ke ƙasa da sifili. A gwajin makaranta ta rubuta 3 ta tsaya, aka rage mata maki, don akwai amsa ta biyu, −13. Na je na sami malamin nata. Bai yi musu ba, ya ce ya yi jinkirin kawo su kan ƙa'idar warware irin wannan tambayar, mai b² − 4ac. Da ita 256 ake samu, tushensa 16, sai amsoshin su fito duka biyu.

Ɗakin ya yi wa yaran kaɗan, na baya da kyar suke hango allo, kuma in wuta ta ɗauke kafin magariba darasi ya ƙare ke nan. Duk da haka na biya kuɗin wata na huɗu, na kuma ce mata ta riƙa zuwa da wuri ta kama bencin gaba.