Na gwada man inji sintetik a tsohuwar Camry, ga abin da na gani a zafin Sakkwato

Duk mai tsohuwar mota a garin nan magana ɗaya yake ji a gareji, wai tsohon inji sai mai kauri, zuba 20W-50 ka rufe bonet ka tafi, sintetik na masu sabbin motoci ne in ka zuba a tsohuwa zai fasa maka sil, robobin da ke tare mai, ya sa inji yoyo. Ni dai na yi amfani da duka biyun, minaral wato man inji na gargajiya da sintetik wanda aka haɗa da sinadarai, a mota ɗaya kuma na daɗe a kan kowanne, shi ya sa nake son in faɗi abin da idona ya gani, don maganar akwai gaskiya a ciki amma ba yadda ake faɗinta ba.

Motata Camry ce 'yar 2000 mai injin 2.2, ta haura kilomita 200,000 tun tuni. Zirga-zirgata cikin gari ce, Mabera zuwa wajen aiki, sai Birnin Kebbi ko Gusau jefi-jefi. Tun da na saye ta 20W-50 na minaral ake min juye da shi, kuma tsakani da Allah bai taɓa barina a hanya ba. Ga araha, ga shi duk gidan man da ka shiga za ka samu. Abin da ya dame ni da shi biyu ne. Da safe lokacin hunturu in na tada mota sai in ji kas-kas-kas daga saman inji na ɗan lokaci kafin ta yi shiru, wato mai bai kai sama da wuri ba saboda kauri. Na biyu kuma lokacin bazara, Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 ga esi a kunne ga gosulo wajen kasuwa, kafin lokacin juye ya yi man ya riga ya ƙone, in ka zaro geji, sandar auna mai, ka murza a yatsa sai ka ji har warin ƙuna yake.

Ranar da na je da galan ɗin sintetik 5W-30, wanda shi ne lambar da littafin motar ya rubuta, makanikena sai da ya riƙe baki ya ce "Alhaji wanga mai ruwa na, tsohuwa ba ta ɗaukar shi." Na ce Oga zuba mu gani.

Washegari da safe bambancin farko ya fito, ƙarar nan ta kusan ɓacewa, inji ya yi laushi, totur ma ya fi saurin amsawa. Dalilin a lambar yake. Ta farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu in inji na da sanyi, 5W ya fi 20W saurin zagayawa nesa ba kusa ba, kuma a wannan ɗan lokacin na tada mota ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Lamba ta biyu ita ce kaurinsa in inji ya ɗau zafi, a digiri 100 ake auna ta. Toh kaga wanda ya tashi daga 20W-50 na minaral ya koma 5W-30 sintetik abu biyu ya canza lokaci guda, irin man da kuma kaurinsa, amma in matsala ta fito sai a ɗora wa sintetik laifi gaba ɗaya.

Kuma matsalar ta fito. Man ya yi baƙi da wuri sosai, sannan gefen murfin saman inji ya fara jiƙewa, da safe ina ganin ɗigo a ƙasa inda na ajiye ta. Makanike ya ce ai ya faɗa. Amma da ya kwance murfin na tsaya a kansa ina kallo, robar gasket ɗin ta bushe ƙamas, yana lanƙwasa ta tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, ga baƙar laka ta daskare a lungunan murfin har sai da ya sa sukundireba yana kankarewa. Wannan robar ba jiya ta mutu ba, shekaru da zafi suka kashe ta, lakar ce ta toshe tsagar take rufa mata asiri, da mai tsabta ya zo ya fara wanke dauɗar sai ɓarakar ta bayyana. An sa sabon gasket, kuɗinsa bai kai rabin na galan ba, ɗigon ya tsaya.

Abin da bai tsaya ba shi ne shan mai. A kan 5W-30 in na yi doguwar tafiya na ba ta wuta, ina dawowa sai in tarar geji ya sauka sai na yi ciko, abin da ban saba ba a kan 20W-50. Wannan kam gaskiyar makanikai ce, inji in ya tsufa ringi da silinda sun ɗan ci, mai marar kauri ya fi samun hanyar wucewa ya ƙone. Juye na gaba sai na koma sintetik 5W-40, kuma nan na tsaya har yau. Shirun safiya na nan, shan man ya ragu ƙwarai ko da yake bai ɗauke ɗif ba, kuma a tsakiyar bazara in na zaro geji man na nan da jikinsa bai tsinke ba, babu warin ƙunar nan. Wannan juriyar zafin ita ce ni a ganina ta sa sintetik ya cancanci kuɗinsa a gari irin namu, fiye ma da maganar sanyi da Turawa suka fi damuwa da ita.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce mai zafin. Galan ɗin sintetik na gaske ya kan ninka na minaral ko ma ya fi. Masu sayarwa za su ce maka ai yana kai kilomita 10,000 kafin juye saboda haka ka maida kuɗinka. A ƙurar Sakkwato ni ban yarda in kai shi nan ba wallahi, musamman da hunturu, duba filtar iskarka bayan 'yan makonni ka ga abin da ya tara, wani kason wannan ƙurar cikin mai yake ƙarewa, kuma su kansu masu ƙera motoci sun ce mai tuƙi a ƙura da gajerun tafiye-tafiye ya riƙa juye da wuri. Na minaral a 5,000 nake zubarwa, sintetik ina ɗan ƙara masa kaɗan ne kawai, kuma kowane juye da sabuwar filta. In ka lissafa dai sintetik ya fi cin kuɗi, kada wani ya ruɗe ka.

Wanda motarsa ta riga tana fitar da shuɗin hayaƙi a salansa, ko fulogi na jiƙewa da mai, don Allah kada ya ɓata kuɗinsa, ba man da ke gyara ringi. Ya ci gaba da 20W-50 ɗinsa mai kyau yana juye a kan lokaci har Allah ya hore masa kuɗin aikin inji. Haka 'yan uwanmu masu Golf na haya da ke jigilar Illela kullum, ban ga laifinsu ba in sun tsaya kan minaral, ciko kawai zai cinye ribar. Akwai kuma rabi-da-rabi, semi sintetik 10W-40, ga mai son tsaka-tsaki. Kuma batun wai in ka shiga sintetik ba ka komawa minaral ba gaskiya ba ne, suna haɗuwa lafiya lau, ni kaina na taɓa yin ciko da minaral a hanya ba abin da ya faru.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jabu, don mai tsada shi aka fi kwaikwaya. Na taɓa ganin galan a wani shago da hatimin murfinsa kamar an taɓa buɗewa aka manna, na ajiye na fita. Yanzu a gidan mai ko wajen dila nake saye, in duba lambar API a baya, wato matakin ingancin man, SL ko SN duk sun wadatar da irin injinmu, a zuba a gabana, sannan in huda galan ɗin da wuƙa kafin in bar shi a gareji don kada a sake cika shi a sayar wa wani bawan Allah.