Kafin ka sayi na'urar mayar da tsofaffin kaset ɗin bidiyo kan faifan DVD

Duk wanda yake da tarin kaset na VHS a gida ya kamata ya san cewa lokaci yana ƙure masa, domin kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina ƙera ta a shekarar 2016, kuma zaren kaset ɗin kansa yana lalacewa da zafi da ƙura da danshin damina. Sai dai kafin a kashe ko kwabo, abu na farko shi ne a raba kaset ɗin kashi biyu. Na biki da na suna da na tafsiri, waɗanda mai ɗaukar hoto ya ɗauka da kyamararsa, ba su da wani kulle na hana kwafa a jikinsu. Kullen yana kan finafinan manyan kamfanonin ƙasashen waje ne, waɗanda tun daga 1985 aka fara sanya musu tsarin kariya mai suna Macrovision.

Wannan tsari yana cusa wasu sigina a ɓangaren hoton da ido ba ya gani. Talabijin ba ta damuwa da su, amma na'urar da ke kwafa tana ruɗewa, sai hoton ya riƙa yin duhu yana haske, na'urar DVD kuwa takan ƙi ɗauka gaba ɗaya, ta rubuta cewa an hana kwafar wannan kaset.

Zaɓin da ya fi jan hankalin mutane shi ne na'ura mai haɗe da gurbin kaset da na faifai a jiki ɗaya, saboda maɓalli guda ake dannawa aiki ya kama. Ga kaset ɗin gida mai lafiya tana da kyau ƙwarai, amma an ƙera ta ne ta yi biyayya ga kullen, don haka wanda ya saye ta saboda finafinan kamfani ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ya fi damuna da ita shi ne, wani lokaci tsohon kaset ɗin biki da zarensa ya saki yana sa ta zaci akwai kulle alhali babu, sai ta tsaya a tsakiyar aiki. Haka nan idan aka ɗauke wuta kafin na'urar ta gama ɗauka ta kammala faifan, sau da yawa faifan ya tafi kenan, kuma kaset ɗin E-180 sai ya cinye awa uku cur kafin ya ƙare.

Haɗa na'urar kaset da na'urar DVD mai zaman kanta bai bambanta da wannan sosai ba, illa dai idan ɗaya ta lalace ana iya sauya ta ba tare da an taɓa ɗayar ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta kwamfuta, inda ake sayen ɗan abin da ke karɓar hoto daga na'urar kaset ya shigar da shi ta USB. Amfaninta shi ne ana ajiye hoton a kwamfuta tukuna, a yanke wuraren da suka lalace, sannan a buga faifai nawa ake so, kuma batirin kwamfutar hannu yana kare abin da aka riga aka ɗauka idan wuta ta tafi. Masu arha da ake sayarwa da sunan EasyCap ba su da tabbas, domin sau da yawa murya takan riga hoto bayan an yi nisa. Na Elgato ko Hauppauge sun fi tsada kuma sun fi aminci. Idan hoton yana rawa, abin da ke daidaita shi shi ne na'urar TBC, kuma tsadarta ta sa ya fi sauƙi mai kaset kaɗan ya kai aikin wurin masu shagon da suka mallake ta.

Game da finafinan da ke da kulle, shawarata ita ce a nemi bugun DVD na asali, domin hotonsa ya fi na kaset kyau nesa ba kusa ba, sannan dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan kariya. Fim ɗin da ba a taɓa fitar da shi a faifai ba, izinin mai shi ake nema.

Tunda na'urar kaset sai dai ta gwanjo, a duba tsarin hoton talabijin da take aiki da shi da kyau, domin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Najeriya tana kan PAL, Nijar ta yi amfani da SECAM, kayan Amurka kuwa NTSC ne kuma ƙarfin wutarsu volt 120 ne, ba irin tamu ba. A je kasuwa da kaset ɗin da ba a damu da shi ba a gwada, domin na'urar da ta daɗe a ajiye tana iya tauna zare. Faifan DVD-R mai 4.7 GB yana ɗaukar kimanin awa biyu da hoto mai kyau, saboda haka kaset mai awa uku gara a raba shi faifai biyu, a kuma adana kwafi a ma'ajiyar kwamfuta (hard disk), sannan a ci gaba da ajiye kaset ɗin asali a tsaye, a wuri mai sanyi marar danshi.