Tsarin rage ƙiba na intanet: sikeli ya sauka, teɓa tana nan

Jama'a, tsarin nan na wata uku da ake ta tallarsa a Facebook, wanda ake haɗa mutum da mai horarwa ta cikin manhaja, na saya na gwada. Dokarsu ita ce sitaci da sukari kada su wuce giram 50 a rana, mai da kitse kuwa ka ci son ranka. Makon farko sikeli ya sauka da sauri har na fara yi wa ƙawayena talla. Daga nan ya tsaya cak. Siket ɗina bai saki ba, tef ɗin awo a ƙugu yana nan a lambar da na fara da ita.

Abin da ya ƙona min rai shi ne amsar mai horarwar. Na rubuta mata damuwata dalla-dalla, sai ta ce, "Hajiya, jikinki bai fara ƙona kitse ba ne, ki ƙara mai a abincinki, har a abin shanki na safe." Na ce mata giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitaci 4, babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, to ta yaya ƙari zai rage ni? Ba ta amsa ba. Hoton wata mata da ta rame ta turo min, ta ce in yi haƙuri. Wallahi na ji an raina min hankali.

Wata likitar abinci ce ta warware min. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka daina sitaci sai ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Abin da na gani a sikeli ke nan. Ta kuma ba ni labarin binciken jami'ar Stanford a Amurka na 2018, mutum 609, shekara guda: masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Teɓa tana tafiya ne idan abin da ka ci bai kai abin da jiki ya ƙona ba.

Gaskiya ba zan ce komai nasu banza ba ne. Yunwa ta ragu min sosai, kuma wurin rubuta abincin yau da kullum a manhajar yana da sauƙi, da don shi kaɗai ne da na ba su tauraro uku. Amma da wa'adin ya cika, sai suka sake cirar kuɗi daga katina ba tare da sanarwa ba, na yi ta aika saƙo babu wanda ya kula ni. Tauraro ɗaya na ba su, kuma har yau ina bin kuɗina.