Dell XPS 13 9310 a Kaduna: inda ta yi fice da inda take ba da ciwon kai

Kamfanin Dell ya fitar da XPS 13 mai lamba 9310 a ƙarshen 2020, kuma yanzu an fi samunta a shagunanmu a matsayin ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a Amurka ko Ingila kafin ta iso nan. Kyanta ne ke fara kama ido. Idan ka ɗora ta a kan farar takarda A4, takardar ma ta ɗan fi ta faɗi. Nauyinta kilo 1.2, kaurinta bai kai milimita 15 ba, murfi da gindi duk alminiyon ne da aka sassaƙa, wurin ɗora tafin hannu kuma an yi shi da zaren kabon a baƙar, ko zaren gilashi a farar. Wanda ke hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da jaka ɗaya a kafaɗa, ko malamin da ke zirga-zirga tsakanin aji da ofis a Kadpoly, zai san amfanin wannan tun ranar farko. Sai dai duk abin da aka matse har ya zama ƙarami haka, akwai abin da aka sadaukar, kuma yawancin abin da aka sadaukar a wannan kwamfuta shi ne abin da yanayin Kaduna ya fi buƙata.

A fara da allon, don a nan ne kuɗin mutum ke fitowa fili. Inci 13.4 ne, kuma ya fi na yawancin laftof tsayi, domin tsarinsa 16:10 ne maimakon 16:9. A aikace wannan na nufin ƙarin layuka a Excel da ƙarin rubutu a Word kafin ka gangara ƙasa. Iri uku ne a kasuwa: mai 1920 da 1200, mai 3840 da 2400 wanda 'yan kasuwa ke kira 4K, sai OLED mai 3456 da 2160 da ya biyo baya a 2021. Mai shago zai nuna maka 4K ɗin yana cewa, "Yallaɓai, dubi kala, wannan ai ba ta yara ba ce." Gaskiya ya faɗa, amma a allon da bai kai inci 14 ba ido ba ya cin moriyar wannan yawan ɗigo sosai, batir kuwa yana biyan kuɗinsa da awanni. Na farkon ya fi dacewa da garin da wuta ke zuwa tana tafiya, musamman wanda ba a taɓawa da yatsa, domin fuskarsa ba ta ƙyalli, haskensa ya kai nit 500, ana iya karatu da shi a baranda da rana tsaka.

Kibod ɗin ya cika faɗin jikin daga gefe zuwa gefe, maɓallan manya ne, ba sa kwaramniya, ana iya buga doguwar takarda ba tare da yatsu sun gaji ba. Abu ɗaya za a duba: wadda ta fito daga Ingila tsarin kibod ɗinta daban ne da na Amurka, alamar @ da alamar zance sun yi musayar wuri. Ba lalacewa ba ce, a saita harshen kibod a Windows ya dace da abin da ke rubuce a kan maɓallan. Kyamarar 720p ce kawai, a ɗaki mai ƙarancin haske fuska na fitowa dishi-dishi, ko da yake tana buɗe kwamfutar da gane fuska, maɓallin kunnawa kuma yana karanta zanen yatsa.

Injin ciki na Intel ne, zubi na 11. Mafi yawa i5-1135G7 ne ko i7-1165G7, kuma duka biyun ƙwaya huɗu gare su, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci guda. Ga aikin ofis, bincike a intanet, taron Zoom, SPSS, rubuta manhaja da gyaran hoto mara nauyi, ba ta da matsala, kuma tana karɓar Windows 11 kai tsaye, abin da ya zama dole tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Amma biyan ƙarin kuɗi mai yawa don i7 a wannan jiki asara ce. Dalili shi ne zafi. Injin yana tashi da gudu na 'yan daƙiƙu, zafinsa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudun da kansa don kada ya ƙone. Ƙananan fanka biyu ne ke fitar da zafin, kuma iyakar abin da za su iya ke nan. To a watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar ɗakin kanta ta haura digiri 35, fankar iska mai zafi take zuƙa ta hura wa injin, saboda haka i7 da i5 kan dawo kusan gudu ɗaya idan aikin ya yi tsawo. Mai haɗa bidiyon biki na awa guda, ko mai zanen gini a Revit, ya nemi wata.

Daga zafi sai ƙura, kuma su biyun abokan juna ne. Iska tana shiga ta ramukan gindi ta fita ta baya wajen mahaɗin murfi, wato inda allo ke lanƙwasawa. Ɗora ta a kan katifa, darduma ko kafet yana toshe hanyar shigar gaba ɗaya. Hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana cusa ƙura mai laushi kamar garin alkama, ta haɗu da zaren tufafi ta zama kamar auduga a bakin siraran ƙarafan da iska ke ratsawa. Alamar ita ce fanka na ihu alhali ba ka buɗe komai ba, gindin kuma ya yi zafin da ba ya zama a cinya. Gyaran ba wuya: a kashe ta gaba ɗaya, a kwance sukurori takwas na gindi da sukundireba mai bakin tauraro T5, a ɗaga murfin da ɗan roba mai kaifi ba da wuƙa ba, a cire igiyar batir kafin a taɓa komai, a riƙe fuka-fukin fanka da yatsa sannan a hure da ɗan famfon hannu ko buroshi mai laushi. Kada a kai wa mai faci ya hura mata injinsa. Iskar tana tafe da danshi, ƙarfinta kuma yana juya fankar fiye da ƙima har ta fara ƙara. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, ya isa. Kwamfutar da ta kai shekara huɗu zuwa biyar kuma tana buƙatar a goge busasshen man da ke tsakanin injin da tagullar sanyaya a sa sabo, ɗigo kamar ƙwayar gero biyu, ba a lafta ba.

Ramukan jona kaya guda huɗu ne kacal: USB-C mai Thunderbolt 4 ɗaya a hagu ɗaya a dama, ramin ƙaramin katin memori, da ramin iyafis. Shi ke nan. Caja ta cinye ɗaya, saura ɗaya. Babu HDMI na majigin aji ko ɗakin taro, babu babban ramin USB na filash da firinta, babu na wayar intanet, babu wurin sim. Sabuwa takan zo da ɗan abin juya USB-C zuwa babban USB a kwali, amma ta hannu da wuya ka same shi. Don haka a lissafa kuɗin ƙaramin akwatin rarraba ramuka a cikin kuɗin kwamfutar tun farko, kuma a nemi wanda caja ke iya bi ta cikinsa, in ba haka ba kullum kana cikin cire wannan ka sa wancan, ramukan su yi sako-sako. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan USB-C ɗin kuma shi ne babban alherinta a garinmu. Cajarta wat 45 ce kawai, ƙaramar inbata ko ɗan akwatin sola na ɗaukarta ba tare da kuka ba. Fawa-banki ma yana cajinta, da sharaɗin ya zama mai tsarin PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke ba da bolt 20 da aƙalla wat 45. Na waya mai bolt 5 ba zai yi ba. Lissafin mai sauƙi ne: fawa-banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 74, batir ɗin kwamfutar kuma 52 ne, idan aka cire abin da ke ɓacewa a hanya za a samu ciko ɗaya da ɗan ragowa. A kula da cajar jabu, don ta cika kasuwa da tambarin Dell a jiki. Ana gane ta da rashin nauyi, da yadda kibiya ke rawa a allo da zarar an jona, ko kwamfutar ta yi gargaɗin cewa cajar ba ta da ƙarfi. Wannan ɗan tsikarin da ake ji a jikin alminiyon idan tana caji kuwa, galibi daga soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba ne, ko filogi mai ƙafa biyu.

Batir ɗin, yana sabo da allo mai 1920, yakan kai mutum awa goma a aiki mara nauyi. Ta hannu kuwa kada a yarda da baki. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe rahoton, a kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na farko ya nuna kusan 52,000 na biyu ya nuna 36,000, kashi 70 ya rage, a rage kuɗin sabon batir daga farashin. A kuma kwantar da ita a kan tebur mai santsi a danna kusurwoyin: idan tana rawa, ko faifan linzami, wato inda ake jan kibiya da yatsa, ya ɗago ya daina dannuwa, batir ya kumbura, wannan ba abin ci gaba da caji ba ne. Zafi da zama kullum a cike su ke kumbura shi. A BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga ta danna F2 yayin kunnawa, akwai wurin saita inda caji zai tsaya. Ana ba da shawarar kashi 80, amma ga wanda bai san yaushe za a dawo da wuta ba, 90 ya fi zama daidai.

Akwai wani hali da ke cinye batir a ɓoye. Idan ka rufe murfin, ba barci sosai take yi ba, Windows na barinta a farke kaɗan tana duba saƙonni da sabuntawa. Sai mutum ya jefa ta a jaka a Kawo da kashi 80, ya buɗe a Barnawa ya tarar da jakar ta yi ɗumi, cajin ya zube. Maganin yana cikin Control Panel, sashen Power Options: a saita rufe murfi ya zama Hibernate maimakon Sleep. Za ta ɗan ƙara daƙiƙu wajen tashi, amma tana mutuwa da gaske.

RAM ɗinta, wato memorin da take riƙe aikin da ake kan yi, a like yake da babban allon injin, ba a ƙarawa ba a ragewa, haka ma na'urar Wi-Fi. Duk mai shagon da ya ce, "Malam, ɗauki mai 8 ɗin, daga baya sai mu ƙara maka," ko dai bai san kayansa ba ko yana son ciniki ya faɗa. Windows 11 da Chrome mai shafuka goma sha biyar sun isa su cinye giga 8. A nemi mai 16, ko da i5 ce, ta fi i7 mai 8 nesa ba kusa ba. Ma'ajiyar SSD kuwa irin M.2 ce mai cirewa, ana iya sayen mai 256 a sauya mata babba, kuma idan allon injin ya mutu ana zare ta a ceci takardu. Kayan gyaranta, musamman allo, ba su yawaita kamar na HP ba. Sau da yawa sai an aika Kwamfuta Bilej ta Ikeja, kuma allon mai taɓawa ana sauya shi ne da murfinsa gaba ɗaya, kuɗin ba kaɗan ba.

Wanda ramuka suka fi damunsa, ThinkPad X1 Carbon ta 2021 tana da HDMI da manyan USB biyu a nauyi kusan ɗaya. Wanda ƙura da batir suka fi damunsa, MacBook Air M1 ba ta da fanka sam, sai dai ma'ajiyarta a like take kuma manhajojin Windows da yawa ba sa hawa. Wanda ke son ƙara RAM da samun kayan gyara a kan titin Ahmadu Bello, EliteBook 840 G8 ta fi sauƙin sha'ani, ko da yake ba ta kai XPS kyan allo da ƙanƙanta ba.

Kafin a miƙa kuɗi, a tabbatar da lambarta 9310 ce, don sunan XPS 13 ya rufe kwamfutoci da yawa. Mai 9300 jikinsu ɗaya amma injinta zubi na 10 ne. Mai 9370 kyamararta a ƙasan allo take, hanci take ɗauka. Mai 9315 ta 2022 ta zubar da ramin iyafis da na katin memori, ma'ajiyarta ma a like. A sa lambar Service Tag, wato lambar shaidar kwamfutar da ke gindinta, a shafin Dell a ga ko abin da aka ƙera ya dace da abin da ake sayar maka. A danna F12 yayin kunnawa a zaɓi Diagnostics, a bar ta ta gwada fanka, RAM da allo. A jona caja a hagu, a jona a dama. A shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirri. Sannan a sa mai shagon ya goge Windows ya sake ɗorawa a gabanka da intanet a jone: idan ta tsaya tana nuna sunan wani kamfani ko makarantar waje tana neman imel ɗin ma'aikaci, har yanzu tana ɗaure da rajistar masu ita na farko, kuma sake goge ta ba ya kwance wannan ɗaurin.